Kyamara a saman bene: OBS, Yawcam ko ɗan Raspberry Pi, wanne zai riƙe ka?

Tun da na ɗaura kyamara a saman benenmu tana kallon gabas, wajen Dutsen Dala, tambayar da aka fi yi min ita ce wai wace manhaja nake amfani da ita har hoton yake hawa intanet shi kaɗai. To gaskiya sai da na zagaya kusan guda biyar kafin na zauna a kan wadda nake kai yanzu. Dalilin saka kyamarar ma yayana ne da ke zaune a Turai, ya ce shi fa abin da yake kewa ba tuwo ba ne ba kilishi ba, hadarin damina ne, yadda gabas take yin baƙi ƙirin da la'asar, iska ta taso da ƙura da ledoji kafin ruwa ya sauko. Na ce to Yaya bari mu gani ko za a iya kawo maka shi har cikin wayarka.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1991 wasu masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka saita kyamara tana kallon tukunyar kofi don kada mutum ya taso ya tarar babu komai, a 1993 hoton ya hau yanar gizo kowa yana gani. Mu ma nan ai kullum muna kallon Harami kai tsaye a waya da talabijin, akwai kuma wata kyamara a bakin wani ramin ruwa a hamadar Namib da mutane ke kwana suna kallon dabbobi na zuwa shan ruwa a YouTube. Bambancin kawai su suna da wuta da intanet da ba sa yankewa, mu kuwa sai mun yi lissafi.

Kuma lissafin nan shi ne farko, kafin ma ka sauke kowace manhaja. Bidiyo kai tsaye kake so, ko hoto guda da zai riƙa sabuntawa duk bayan ƴan mintuna? Mutane da yawa suna tsallake wannan tambayar su ruga su sauke OBS, manhajar yaɗa bidiyo kai tsaye, saboda ita suka ji ana faɗa, sai bayan kwana uku data ta ƙare su zo suna cewa abin ba ya yiwuwa. Duba ka gani: bidiyo mai matsakaicin kyau, a ce kilobit 2,500 a sakan, yana cin sama da gig 1 duk awa, a yini da kwana wajen gig 27, a wata sama da gig 800. Shi kuwa hoto guda mai nauyin kilobait 200, in ana tura shi duk minti 5, sau 288 ke nan a rana, bai kai megabait 60 ba, a wata bai cika gig 2 ba. Ko duk minti ɗaya ka ce a tura, gig 9 ya ishe ka wata. Gig 800 da gig 2 fa, ai ba a haɗa su. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, dutse da sararin sama da gona, me yake motsi a cikinsu da har sai an kalle shi sakan-sakan? In bakin kasuwa ne ko hawan sallah ko mashayar dabbobi to wannan bidiyo yake so, amma yanayin gari hoto ya wadatar.

Abu na biyu da ya ci min kusan sati biyu kafin na gane shi: yawancin bayanan da za ka gani a intanet za su ce maka ka buɗe ƙofa a rautarka don mutane su shigo su kalli kyamarar kai tsaye daga gidanka. In da layin waya kake hawa intanet, ko MiFi ko rauta mai sim, wannan kusan ba zai taɓa yi ba, saboda kamfanonin waya suna haɗa dubban mutane a bayan adireshin intanet, wato IP, guda ɗaya, abin da ake ce wa CGNAT, ba ka da ƙofar kanka balle ka buɗe ta. Ko Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023, tsarinta na gida haka yake zuwa. Don haka duk manhajar da za ka zaɓa, ka tabbata mai turawa ce, wato ita ce za ta ɗauki hoton ta kai shi waje, ko ta FTP, hanyar tura fayil, zuwa shafinka na intanet, ko ta RTMP, hanyar tura bidiyo kai tsaye, zuwa YouTube, ba wadda za ta zauna tana jiran a zo a ɗauka ba. Kuma ko da ƙofar za ta buɗu ma ban ba ka shawara ba, don in mutum goma suka shigo kallo lokaci ɗaya layinka ne zai ɗauki nauyinsu duka.

To mu zo kan OBS Studio. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma in ana maganar kyan fita babu kamarta a cikin na kyauta. Za ka iya ɗora rubutu a kan bidiyon, sunan unguwa, agogo, tambarinka, ka haɗa kyamara biyu ka riƙa juyawa tsakaninsu, ka rufe wani sashe da ba ka so a gani. Tana karɓar kyamarar USB, tana kuma karɓar kyamarar tsaro ta hanyar adireshinta na RTSP, wato adireshin da ake jawo bidiyonta ta cikinsa. Ka kwafo mabuɗin yaɗawa, lambar sirrin da YouTube ke ba tasharka, ka liƙa, ka danna, shi ke nan ka hau. In netwok ya yanke ma tana ƙoƙarin sake haɗawa da kanta.

Matsalarta ita ce an gina ta ne don mutumin da yake zaune a gaban kwamfuta. Tana sake sarrafa bidiyon gaba ɗaya kafin ta tura, wanda ke nufin kwamfutar tana aiki tuƙuru awa 24, fanka na juyawa, a watan Afrilu kuwa da zafin Kano ke haura 40 kowa ya san yadda ɗakin sama yake zama. Sannan tun daga siga ta 30, in kwamfuta ta mutu ba shiri, kamar a ɗauke wuta, idan ta dawo OBS takan tsaya ta tambaye ka ko ta buɗe a yanayin kariya, sai ta tsaya nan tana jiran wani ya danna. In kana kasuwa ko kana barci fa? Haka yaɗawar za ta zauna a kashe har ka dawo. Ana iya dabarun kauce wa wannan, ana iya sa ta fara yaɗawa da zarar ta buɗe, a kuma shiga BIOS, saitin tushe na kwamfuta, a saita kwamfutar ta kunna kanta in wuta ta dawo, amma ka ga ɗawainiyar ta fara yawa, ga kuma Windows da kan sake kunna kanta in ta yi sabuntawa. Ni a wurina OBS ta taro ce: hawan daushe, musabaƙa, ɗaurin aure, wasan ƙwallo na unguwa, abin da zai yi awa uku ko huɗu kana tsaye a kai. Nan kam ba ta da na biyu.

Yawcam kuma wata tsohuwar ƴar manhaja ce ta Windows, kyauta, tana buƙatar wata manhajar mai suna Java kafin ta tashi, fuskarta ma in ka gani za ka san ta kwana biyu. Amma wallahi ga mai son hoto mai sabuntawa, ita ce mafi sauƙin farawa da na sani. Ka jona kyamarar USB, ka ba ta adireshin FTP na shafinka da suna da kalmar sirri, ka ce duk sakan 300 ki tura, ta riƙa tura hoto da suna ɗaya yana danne na baya, da kwanan wata da lokaci a jikinsa. Tana iya ajiye hotunan a kwamfuta ma, daga baya ta haɗa maka su su zama ɗan bidiyo mai gudu, ka ga hadari na haɗuwa daga farko har ya zuba cikin minti ɗaya. Da ita na fara, kuma ɗan bidiyon farko da na tura wa Yaya da ita na haɗa shi. Tsohuwar laftof da aka jingine tana ɗaukarta ba tare da ta yi zafi ba, batirin laftof ɗin kuma yana ɗan riƙe ta in wuta ta yi ƙyaftawa.

Inda take gazawa shi ne ta fi jituwa da kyamarar USB, ita kuwa kyamarar USB ba ta waje ba ce. An yi ta ne don fuskar mutum a cikin ɗaki, in ta kalli sararin sama da rana sai hoton ya yi fari fat, da daddare kuma baƙi kawai. Igiyar USB ma ba ta wuce mita 5 ba tare da ƙarin na'ura ba, dole ke nan kwamfutar ta zauna kusa da taga, ka ɗauka ta bayan gilashi, gilashin kuma da hunturu ya shigo kullum a turnuƙe da ƙura. Don gwaji na wata ɗaya ko biyu, ka ga ko abin zai ɗore a ranka kafin ka kashe kuɗi, Yawcam ta yi. Don zaman dindindin sai ka matsa gaba.

Akwai Blue Iris da Agent DVR da za ka ji ana yawan ambata, ba zan daɗe a kansu ba don asalinsu na tsaro ne, na mai kyamarori da yawa yana naɗar abin da ke faruwa a gida ko shago. Blue Iris ta kuɗi ce, da dala ake biya, Windows kaɗai, tana ɗaukar kyamarori da yawa kuma tana iya tura hoto ta FTP. Agent DVR kyauta ce a cikin gida, amma kallo daga nesa ta hanyarsu sai da biyan kuɗi. In dama kana da ɗayansu a otal ko makaranta ko gidan mai, to ƙara kyamara ɗaya mai kallon gari ka tura hotonta ba wani aiki ba ne. Amma ka sayi Blue Iris don kyamara guda mai kallon dutse, kamar ka sayi tirela ne don ɗaukar buhu ɗaya.

Sai tsohuwar waya. Akwai manhajar Android mai suna IP Webcam da ke mayar da waya kyamarar da kwamfuta za ta iya gani ta waifai, kuma kyamarar waya ta fi ta USB kyau nesa ba kusa ba. Na gwada, hoton ya yi kyau sosai, amma waya a jone da caja dare da rana a cikin zafi batirinta kumbura yake yi, nawa cikin ƴan makonni ya ɗago murfin baya, kuma wannan abu ne da zai iya jawo gobara. Kada ka bar ta a saman kwano ba kowa.

Yanzu ga abin da ban sani ba sai daga baya, da na sani da wuri da na huta: yawancin kyamarorin tsaro na kirki ba sa ma buƙatar kwamfuta don tura hoto. Irin su Hikvision da Dahua da Reolink masu igiya, a cikin saitinsu akwai wurin FTP da wurin ɗaukar hoto lokaci-lokaci, ka cike su kawai kyamarar ta riƙa turawa da kanta. Wuta ta tafi ta dawo, kyamara ta tashi cikin minti ɗaya ko biyu ta ci gaba, ba mai tambayar ka komai. Wasu samfuran Dahua ma suna da RTMP a ciki, suna iya hawa YouTube kai tsaye ba ɗan tsakiya. Ƙaramar matsalar ita ce da yawansu kowane hoto da sabon suna suke tura shi, mai kwanan wata, a cikin folda-folda, to sai ka samu wanda ya iya ya rubuta maka ɗan layi a shafin da zai riƙa ɗauko na ƙarshe yana goge tsofaffi, in ba haka ba wurin ajiyarka zai cika. Kuma wajen saye ka buɗe ido, ƙananan kyamarorin nan masu araha da sai ta manhajar wayarsu kaɗai ake kallonsu, da yawancin masu batir da ɗan faifan sola a kai, ba sa ba da RTSP ko FTP, ba manhajar da za ta iya jawo hotonsu. Ka duba kwali, in ba ka ga RTSP ko ONVIF, alamar cewa tana jituwa da manhajojin wasu kamfanoni, ba ka ajiye. Ka nemi mai alamar IP66 ko IP67 saboda ƙura da ruwa, mai shan wuta ta igiyar netwok, wato PoE, igiya ɗaya ta kai mata wuta ta dawo da hoto, kuma tana iya tafiyar mita 100.

Abin da ni nake kai yanzu shi ne irin wannan kyamarar, da ɗan Raspberry Pi 4 a ƙasa cikin ɗaki mai inuwa, ƴar kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai ffmpeg, manhaja ce mara fuska, umarni ake rubuta mata. Duk minti 2 tana ɗauko hoto guda daga kyamarar ta rage masa nauyi ta tura shi da suna ɗaya. Ranar da hadari ya haɗu kuma nake son bidiyo, sai in kunna ɗaya umarnin, ta ɗauki bidiyon yadda kyamara ta riga ta matse shi ta miƙa wa YouTube ba tare da ta sake sarrafa shi ba, shi ya sa ɗan Pi ɗin ko ɗumi ba ya yi sosai. Nan ne babban bambancinta da OBS. Kuma Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da Pi ɗin, na da hanyar da za ka ce mata in aikin nan ya mutu ki tashe shi, in na'ura ta kunnu ki fara shi, ba sai da hannun mutum ba.

Ta fuskar wuta kuma, kyamara da Pi da rauta gaba ɗaya ba su wuce wat 20 ba. Batir mai amfiya 100 na bolt 12, in ka ce rabinsa kawai za ka ja don ya yi ƙarko, zai riƙe su wajen awa 30. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80 kuwa awa 7 ta shanye shi, ba a ma sa asarar inbata ba. Ga wanda ke kan sola wannan shi kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba: ffmpeg ba ta danne-danne ba ce, harafi ɗaya ka kuskure ba za ta tashi ba, ranar farko kanka zai yi zafi. In ba ka saba da Linux ba akwai Restreamer, kyauta ce, a kan ffmpeg ɗin aka gina ta amma da fuska a burauza, ka sa adireshin kyamara ka sa mabuɗin YouTube ka danna, tana hawa kan Pi kuma tana dawowa da kanta bayan ɗaukewar wuta. Ko ka kira yaron unguwa mai karatun kwamfuta ya zauna da kai yini ɗaya, aikin sau ɗaya ake yin sa. Abu biyu ka kiyaye da Pi: ɗan katin memorinsa yana lalacewa in wuta na yawan yankewa yana cikin rubutu, don haka ka ɗora shi a kan batir ko ka saita katin ya zama na karantawa kawai, sannan Pi 4 ba shi da agogon kansa, daga intanet yake karɓar lokaci, gara ka bar kyamarar ta riƙa buga lokacin a jikin hoto.

In YouTube za ka hau, sai ka tabbatar da lambar wayarka, kuma karon farko akan jira har awa 24 kafin a buɗe maka yaɗawa kai tsaye. Ka saita kyamarar a tsarin matse bidiyo na H.264 don shi ne ba ya ba da matsala, ka kuma haɗa da layin sauti ko da shiru ne a cikinsa, in babu YouTube kan ƙi nuna komai kana ta neman laifi a wani wuri. Yaɗawar da ta wuce awa 12 ba lallai a ajiye maka ita ba. In netwok ya daɗe a yanke kuma yaɗawar takan rufe, sabuwa ta zo da sabon adireshi, don haka adireshin tasharka mai kai mutum ga abin da ke gudana yanzu shi za ka raba wa mutane. Mai hoto kuma in yana son baƙi su gani, shafin yanayi na Windy yana karɓar kyamarorin jama'a ya ɗora su a taswira, kuma in ka duba yankinmu za ka ga wurin kusan fayau yake.

Akwai maganar da ta fi duk manhajojin nan nauyi a wurina. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, mata na aiki, yara na wanka, wani banɗakin ma ba rufi. Kyamara a saman bene tana ganin abin da kai ba ka lura da shi ba, kuma da zarar ya hau intanet ya fita daga hannunka har abada. Kafin na kunna tawa sai da na ɗaga kanta sama yadda rufin gidaje kawai ke fitowa a ƙasan hoton, na sa baƙin akwatin rufewa a kan sashen da ya rage, kuma a cikin kyamarar kanta na sa shi ba a manhaja ba, don ko manhaja ta rikice kada ya buɗe. Na kira maƙwabcinmu na nuna masa a waya na ce Alhaji ga abin da take gani, in akwai abin da bai kwanta maka ba a gyara. Makirfo kuma a kashe yake ɗungurungum, hirar mutane ba tawa ba ce. Kada ka fuskanci bariki ko ofishin tsaro ko ƙofar gidan wani, Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Sannan ka canza kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita tun ranar farko, a 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci a duniya ta wannan ƙofar kawai, masu su ba su canza kalmar kamfani ba.

To in kai mai gwaji ne kana da tsohuwar laftof da taga mai kallon wuri mai kyau, fara da Yawcam yau ɗin nan, ko sisi ba za ka kashe ba. In gona ce ko bakin dam ko wurin da ba ka zama, kyamara mai FTP da rauta mai sim da ɗan sola, kada ka kai kwamfuta wurin sam. In bidiyo dare da rana kake so kuma kana da intanet mara iyaka da gaske, Pi da Restreamer ko ffmpeg. OBS ka ajiye ta sai ranar taro.

Abu ɗaya da zan canza in zan sake ɗaurawa shi ne fuskar kyamarar. Gabas ce ke kawo hadari, amma ita ce kuma ke kawo hantsi, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe rana na dukan gilashin kai tsaye hoton ya wanke. Na yi mata ƴar rumfa da guntun kwano ya ragu, amma da na karkata ta kaɗan daga fuskar rana tun farko da ya fi. Da hunturu kuma duk ranar Juma'a sai na hau da tsumma mai laushi na goge gilashin, in na yi sati biyu ban hau ba Yaya ne ke fara turo saƙo yana tambaya wai hazo ne ya rufe Dala ko ƙura ce a ido.